Karen da Ke Kwana a Waje: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kula da Shi a Bazara da Damina da Hunturu

A yawancin gidajenmu kare ba ya shiga ɗaki. Wurinsa tsakar gida ne, ko bayan katanga, ko bakin garke, ko gona. Saboda haka duk abin da sama ta sauko da shi, rana ce ko ruwa ko jaura, a jikinsa yake ƙarewa. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu karnukan gadi da na farauta da na kiwo suka fi maimaita mini tun da na fara kiwon karnuka a bayan garin Zariya. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata na nuna.

Ai kare dabbar waje ce tun asali. Me kuma zan yi masa bayan abinci?

Karen da ke yawo sakaka ya san yadda zai yi da kansa. In rana ta take, sai ya shige ƙarƙashin rumbu, ko ya tona rami a gindin randa inda ƙasa ke da damshi ya kwanta. In hadari ya taso ya fake a zaure ko kango. In sanyi ya matsa ya lafe kusa da murhun da aka gama girki. Ranar da ka ɗaure shi ko ka rufe shi a keji, ka raba shi da duk waɗannan dabaru. Abin da da zai nema da ƙafarsa, yanzu kai za ka kawo masa.

Abubuwa uku ne ginshiƙi: inuwar da ba ta gushewa daga hantsi har la'asar, ruwan shan da ba ya yankewa, da busasshen makwanci da ya ɗaga daga ƙasa. Yawancin abin da ke ƙasa bayanin waɗannan ukun ne, sai kuma cututtukan da kowane lokaci na shekara ke zuwa da su.

Wane irin kare ne ya fi jure zaman waje a ƙasarmu?

Karen gida, ɗan ƙasa, mai gajeren gashi da siririn jiki. Shi da Azawak, karen Buzaye na Nijar da Mali, jikinsu an yi shi ne don zafi: ba kitse, ba gashi mai kauri, ga dogayen ƙafafu. Rauninsu sanyin asuba ne, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi hunturu.

Karnukan da ake sayowa da tsada kuwa, kowanne da tasa matsalar. Alseshan yana iya zama in an kula da inuwarsa da ruwansa. Rotwaila da Bowabul nauyin jiki ke cutar da su, ga Rotwaila baƙi ne, baƙin gashi kuma yana zuƙar rana. Kokeshiyan da Haski karnukan ƙasashen ƙanƙara ne, kuma a ganina zalunci ne a sayo irinsu a ajiye a kejin ƙarfe a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Masu guntun hanci irin Buldog su ne suka fi kowa saurin mutuwa da zafi, domin hanyar numfashinsu a matse take. Waɗannan ba karnukan waje ba ne a nan, ko da wane irin keji aka gina musu.

A addinance, akwai alhakin kare a kaina alhali ba ya ma shiga ɗakina?

Akwai. Hadisi ya yi rangwame a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa kuma sun haɗa gadin gida a ciki. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7. To duk wanda ya halatta wa kansa ajiye shi ya ɗauki nauyin cinsa da shansa da makwancinsa. Kowa ya san hadisin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Kowa kuma ya san na matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Wannan na biyun shi ne ya fi kama da halin karnukan da ke ɗaure a bayan gidajenmu.

Yaya ya kamata ɗakin kare ya kasance, kuma ina ƙofarsa za ta fuskanta?

Girmansa ya isa karen ya miƙe tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kuma kwanta ya miƙe ƙafafunsa gaba ɗaya. Daɓen ya ɗaga daga ƙasa kamar tsawon taki guda, ya ɗan karkata wajen ƙofa don ruwan wanki da fitsari su gangara. A yi wa bangon filasta ta siminti ciki da waje, kada a bar tsaga ko ɗaya. Dalilin yana cikin amsar kaska. A bar tagogin iska a sama, kusa da rufi, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, domin iska mai zafi sama take tashi. A ciki a sa katako mai faɗi a kan bulo, shi ne gadonsa. Siminti tsirara yana ƙona jiki a bazara, yana tsotse ɗumi a hunturu, yana kuma sa wa manyan karnuka kanta a gwiwa.

Maganar ƙofa kuwa, maginanmu na gargajiya sun riga sun amsa ta. Hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ake fi shafe wa makuba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Yamma kuma ranar la'asar ce ke dukanta kai tsaye, wadda ta fi kowace zafi. Saura kudu, kuma kudun ta dace ta kowace fuska: a Disamba da Janairu rana ta karkata kudu, sai hantsi ya leƙa cikin ɗakin ya ɗumama shi, a Afrilu kuwa tana tsakiyar ka, 'yar rumfa kaɗan ta isa ta tare ta.

In akwai darbejiya ko mangwaro ko ceɗiya a gidan, a gindinta za a gina. Inuwar bishiya ta fi ta kowane rufi sanyi.

Kejina na ƙarfe ne mai rufin kwano, ba ni da halin gina wani yanzu. Ya zan yi?

Kwano tsirara a ranar bazara tanda ce. Sa hannunka a ƙarƙashinsa da azahar ka ji. Amma gyaransa ba ya cin kuɗi: a ɗora zana ko bunu a kansa da kauri, ko a kafa rumfar kara a samansa a bar tazara tsakani don iska ta ratsa. In da hali a buga silin na katako daga ciki, a kuma shafa wa saman kwanon farin fenti. Kada a lulluɓe gefen kejin da leda ko tamfol a ce inuwa ake yi masa, iska ake toshewa. Asabari ya fi, domin yana tare rana yana barin iska. In ƙasan kejin waya ce ko rodi, a shimfiɗa katako, don ƙarfe na cin tafin ƙafa.

Laifi ne a ɗaure kare da sarƙa?

Killace shi a fili mai katanga ko waya ya fi ɗauri nesa ba kusa ba. Karen da ya yini ya kwana a turke yakan zama mafaɗaci, kuma irinsa ne ke cizon yaran gida ranar da ya kuɓuce. In ɗaurin ya zama dole, a ja waya mai ƙarfi tsakanin turaku biyu, a zura zoben sarƙar a jikinta don ya riƙa kai da kawowa. Abin wuyan ya zama na fata ko na zare mai faɗi, yatsunka biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya. A riƙa duba na kwikwiyo kowane mako, don yana girma abin wuyan na nutsewa cikin nama. Kada a ɗaure shi kusa da katangar da zai iya tsallakewa, sarƙar za ta rataye shi. Kowace rana a sake shi ya zazzaga, ko da da asuba ne da bayan isha'i.

Babban haɗarin ɗauri shi ne inuwa tana tafiya. Na taɓa rasa kare ta haka, kuma laifina ne. Na ɗaure shi da safe a gindin bishiya, inuwa lulluɓe, na tafi kasuwa. Ya zagaya bishiyar har sarƙar ta nannaɗe ta gajarce, ya kifar da kwanon ruwan, inuwar kuma ta koma gabas ta bar shi. Na dawo bayan la'asar na tarar da shi kwance, bai kai magariba ba. Tun daga ranar, kafin in tsayar wa kare wuri sai na duba wurin sau uku: da hantsi, da azahar, da la'asar.

Ruwa nawa kare ke sha a rana?

A ƙiyasi, kowane kilo na nauyinsa yana buƙatar mililita 50 zuwa 60. Kare mai kilo 20 ke nan zai sha lita ɗaya da ɗoriya a rana mai sauƙi, a bazara kuma ya ninka haka ko fiye. Kada ka tsaya awo, ka dai tabbata mazubin ba ya bushewa. Kasko ko kwatarniya ta ƙasa ta fi kwanon silba da roba, domin tana sanyaya ruwa kamar randa kuma nauyinta na hana kifewa. A binne gindinta kaɗan a ƙasa, a cikin inuwa. A ajiye biyu a wurare daban. A wanke kullum, don gansakuka da 'ya'yan sauro.

Ta yaya zan gane zafi ya buge karena, kuma me zan yi nan take?

Kare ba ya gumi a jiki kamar mu, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya kai 41 kayan cikinsa sun fara lalacewa. Shi ya sa ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa ana gumi, ya fi tsakiyarta haɗari: iska ta yi damshi, hakin ba ya sanyaya shi sosai. Alamun farko su ne haki mai ƙarfi ba tsayawa, harshe ya zazzago ya yi faɗi, miyau mai kauri yana dalala, dasashi ya yi ja wur. In abin ya ci gaba sai tangaɗi, amai, zawo wani lokaci da jini, faɗuwa, jijjiga.

Kada ka fara neman abin hawa, fara da sanyaya shi. Ɗauke shi zuwa inuwa ka riƙa kwarara masa ruwa a jiki duka, musamman ciki da hammata da matsematsi da wuya, wani kuma yana yi masa fifita. Ruwan randa ko na rijiya ya yi. Ka taɓa na tiyo ko na baƙin tanki kafin ka zuba, don wanda ya yini a rana yakan yi zafin ƙona fata. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, yana riƙe zafin a ciki. In yana cikin hayyacinsa ka ajiye masa ruwa ya sha da kansa kaɗan-kaɗan. In ba ya ciki kada ka ɗura masa, zai shiga huhu. Da hakin ya lafa sai ka kai shi wurin likitan dabbobi ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya, domin illar da zafi ke yi wa ƙoda takan bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

Abu biyu ke jawo wannan bayan ɗauri a rana: barin kare a cikin mota ko but, da fita da shi gudu ko farauta da tsakar rana. Kafin ka taka da shi kwalta ko yashi, ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga bakwai. In ba ka iya jurewa ba, shi ma tafinsa zai sale.

In aske masa gashi a bazara zai ji sauƙi?

Ga masu gashi ninki biyu irin Alseshan, a'a. Gashin sama yana tare rana da ƙuda, in aka kwashe shi fata ce za ta ƙone. Abin da ke riƙe zafi shi ne mataccen gashin ƙasa da ya cukurkuɗe, shi kuma da mataji ake fitar da shi, sau biyu ko uku a mako.

Abincinsa yana canzawa da lokacin shekara?

Lokacin bayarwa ne ya fi canzawa. A bazara a ba shi da sassafe da bayan faɗuwar rana, kuma kada ka damu in cinsa ya ɗan ragu. A hunturu a ƙara masa, don ɗumama jiki na cin abinci. A kowane lokaci, abin da bai cinye ba cikin rabin awa a ɗauke: tuwo da miya suna saurin lalacewa a zafi, ragowar kuma na kiran ɓera, ɓera na kiran maciji. Ƙanzo da dusa kaɗai ba sa riƙe kare, sai an haɗa da kayan ciki ko kifi ko ƙwai da aka dafa. A kiyaye shi daga albasa da tafarnuwa masu yawa, da cakulan, da inabi, da goro, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa.

Wane shiri zan yi kafin damina ta sauka?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a watan Mayu a hau rufin a toshe inda ke yoyo, a ƙara ƙusa, don guguwar farkon damina ita ce ke yaye kwano. A haƙa 'yar hanyar ruwa kewaye da ɗakin, a zuba tsakuwa ko yashi inda karen ke tsayawa don kada ya zama caɓi. Karen da ke tsaye cikin laka kullum tsakanin yatsunsa na ruɓewa. A cire duk wata shimfiɗar tsumma, katako tsirara ya fi a wannan lokaci, domin jiƙaƙƙen buhu gidan ƙuma ne da ƙazwa. A hana shi shan ruwan kwata da na kududdufi, fitsarin ɓera na sa masa cuta mai kama hanta da ƙoda, wadda mutum ma ke ɗauka. A ba shi maganin tsutsar ciki, babban kare duk wata 3.

In gidanka a kwari yake ko kusa da rafi, kada kare ya kwana a ɗaure ko a kulle daren da ake ruwa mai ƙarfi. A ambaliyar Maiduguri ta watan Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare, dabbobin gidan zu da ke kulle da yawa a kejinsu suka mutu. Kare ya iya iyo, amma ba da sarƙa a wuya ba.

Na cire kaska yau, gobe ta dawo. Daga ina take fitowa?

Daga bangon ɗakinsa. Kaskar kare ba a jikinsa take yawancin rayuwarta ba. Takan sha jini ta cika, ta faɗo, ta hau bango ta shige tsaga ko ƙarƙashin rufi ta zuba dubban ƙwai. Wanda ya wanke kare ya mayar da shi ɗakin da bai yi wa magani ba, aikin banza ya yi. Dole a haɗa biyun rana ɗaya: a fitar da karen, a share, a ƙone sharar, a fesa wa bango da tsagogi da ƙasan katako maganin da likita ya bayar, a bari ya bushe sarai kafin ya koma, a maimaita bayan mako biyu. A jikin karen kuma yanzu akwai ƙwayoyin da ake ba shi ya ci, irin su NexGard mai aikin wata guda da Bravecto mai aikin mako 12. Suna da tsada, amma sun fi wanka da magani aminci.

Wajen cirewa da hannu, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin abin wuya. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, a jefa cikin kananzir, kada a murtsuke ta da yatsa. Abin tsoro a kaska ba jinin da take sha ba ne kaɗai, cutar da take sakawa ce. In kare ya daina cin abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, ko ya yi haɓo, zazzaɓin kaska ne ake zargi. Gwajin jini ke tabbatarwa, kuma jinkirin kwana biyu na iya zama ajalinsa.

An ce in shafa masa baƙin mai, ko in yi masa wanka da Sniper. Yana aiki?

Kada ka yi, don Allah. Sniper da fiya-fiya guba ce mai ratsa fata. Karen zai fara dalalar miyau, jiki na rawa, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. In an riga an yi, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, mai wankin ya sa leda a hannu, a garzaya asibitin dabbobi, akwai allurar da ke karya gubar in an kai da wuri. Baƙin mai kuma yana ƙona fata, karen ya lashe ya shiga cikinsa, ga shi yana ƙara zuƙar rana. Haka maganin wankan shanu da allurar ibamektin ta shanu: awonsu na sa ne, kuskure kaɗan ya kashe kare. Kada kuma a ba shi farasitamol ko ibufurofen na mutane. Mai kyanwa a gida ya sani cewa wasu magungunan kaskar kare suna kashe kyanwa.

Ƙuraje sun fito masa, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Kuma ƙuda ya cinye masa bakin kunne.

Ƙurajen nan tsutsa ce a ciki. Wani ƙuda ne ke zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ko kashi ya taɓa, a cikin inuwa, tsutsar ta huda fatar wanda ya kwanta a wurin. Shi ne dai ƙudan da ke sa a goge kayan da aka shanya a damina. An fi ganinta a jikin kwikwiyo. A toshe ramin da basilin, numfashinta zai yanke ta leƙo, sai a matsa a hankali daga gefe ta fito ɗungurungum. Kada a fasa ta a ciki. A wanke gurbin, sannan a kwashe ƙasar wurin a zuba sabuwa.

Na kunne kuwa ƙuda ne mai cizo, wanda ke hayayyafa cikin jiƙaƙƙen taki da ruɓaɓɓiyar ciyawa. A wanke ɓawon ciwon da ruwan ɗumi, a shafa basilin da kauri ko man korar ƙuda safe da yamma, a kwashe kashin karen kullum, a nisanta ɗakinsa daga turken dabbobi da juji. Yanke kunnen ba magani ba ne, ƙudan zai koma kan abin da ya rage.

Maciji ko kunama fa?

An fi samun sara a damina da kaka, kuma kare a fuska ko ƙafar gaba ake sararsa domin shi ke kai hanci. Kububuwa na sa kumburi da zubar jinin da ba ya tsayawa, kasa na sa kumburi mai tsanani. A cire abin wuya tun kafin wuyan ya kumbura, a ɗauke shi kada ya taka, a nufi likita. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. In gamsheƙa mai tofi ce ta fesa masa a ido, a yi ta wanke idon da ruwa mai yawa. Harbin kunama yakan tsaya ga zafi da ɗingishi a babban kare, amma kwikwiyo a kai shi asibiti. In ya cafki kwaɗo bakinsa ya yi kumfa, a goge dasashi da harshe da jiƙaƙƙen tsumma sau da yawa, kansa na kallon ƙasa. Rigakafin duka ɗaya ne: a nome ciyawar kewaye, a kawar da tarin bulo da itace, a bi abin da aka faɗa kan ragowar abinci.

Yana firgita da tsawa har yana neman fasa keji.

Ba taurin kai ba ne, kuma duka na ƙara masa. Ka ba shi lungu mai duhu da zai shige, ko ka bar shi a zaure har hadarin ya wuce. Ka cire masa sarƙa, kada kuma ya kasance ɗaure a jikin bishiya ko turken ƙarfe ana walƙiya. Haka za ka yi daren da yara ke fasa abubuwan ƙara a Kirsimeti da sabuwar shekara, da ranar da 'yan bindiga ke buga ta gargajiya a hawan salla. A irin waɗannan ranaku karnuka suka fi ɓata.

Sanyinmu har ya kai ya cutar da kare?

Ya kai. A Kano da Zariya asubahin Janairu kan sauko kusan digiri 12, a Jos da tsaunin Mambila ya yi ƙasa da 10, ga iska. Alseshan da Kokeshiyan lokacin jin daɗinsu ke nan. Amma ɗan ƙasa mai gajeren gashi, da tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi, da ramamme, da kwikwiyo, suna wahala. In ka ga ya dunƙule hanci cikin wutsiya yana karkarwa, ko da safe ya kasa miƙewa da sauri, sanyi ya shige shi. A zuba masa busasshiyar ciyawa mai yawa a kan katakon, ko buhun algarara biyu, a riƙa shanya su a rana ana sauyawa. A rataya buhu a ƙofar ya zama labule, a toshe tagar da ke fuskantar iska a bar ɗayar. Kada a kai masa kaskon gawayi: hayaƙinsa marar wari na kashe dabba a rufaffen wuri kamar yadda yake kashe mutum, ga ciyawa ga wuta.

Bushewar iska ma aiki ce. Hanci da tafin ƙafa kan yi faso, man kaɗe kaɗan ya isa, kuma ko ya lashe ba komai. Ƙura na sa idonsa kwantsa, a goge da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi. A yayyafa ruwa a filinsa kafin shara. Wanka ya zama jefi-jefi, da tsakar rana, a tsane shi sosai. Ruwan sha kuwa kada a rage, hunturu na busar da jiki ko ba a jin ƙishi. Tari mai ɗaukar kwanaki tare da majina mai kauri a hanci da ido ba hazo ba ne kawai, duba amsar allurai.

Karyata ta kusa haihuwa. A waje za ta haihu?

Cikin karya kusan kwana 63 ne, don haka kana da lokacin shiri. Ka ware mata wuri mai rufi da bango, ko da kusurwar shago ce ko zaure, mako guda kafin lokacin, in ba haka ba za ta tona rami a inda ruwa zai iya cika shi. 'Yan kwikwiyo a makonni 2 zuwa 3 na farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, sanyin dare ɗaya na hunturu ya isa ya kashe su. In ka tarar da ɗaya ya yi sanyi ya daina motsi sosai, fara ɗumama shi a jikinka ko kusa da gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma, sai ya farfaɗo a sa shi a nono. A damina a kula da kwarkwasa da cinnaka. Uwar kuma cinta zai ninka biyu ko uku, ruwanta ma haka.

Waɗanne allurai ne dole ga karen da ke waje?

Biyu. Ta farko ita ce haɗaɗɗiyar allurar da ke kare shi daga fabo, mai sa kwikwiyo amai da zawon jini, da distemfa, mai farawa da majina ta ƙare da jijjiga, da ciwon hanta, da cutar fitsarin ɓera. Ana fara ta yana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai kamar wata 4. Kafin ya kammala kada ya taka inda wasu karnuka ke kashi. Ƙwayar fabo na daɗewa a ƙasa wata da watanni, don haka in kwikwiyo ya mutu da ita a gidanka kada ka kawo wani wurin sai wanda ya gama allurarsa.

Ta biyu ita ce ta haukan kare, yana wata 3, sannan duk shekara. Wannan ba don shi kaɗai ba ce, don 'ya'yanka ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma da alamunta sun bayyana babu magani. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar. Ana samunta a asibitocin dabbobi na jihohi da na koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kuma wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, akan yi gangamin allura a wurare da dama. Ka tabbata daga cikin sanyi aka ciro ta, don wadda ta sha zafi ruwa ce kawai, ka kuma karɓi katin shaida.

In karenka ya ciji mutum, a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Shafa gashin karen ko toka a ciwon ba ya hana komai. A killace karen kwana 10 ana ba shi ci da sha ana lura da shi, a kuma sanar da likitan dabbobi.

Zan yi tafiyar kwanaki. Wa zan bar wa shi, kuma me zan gaya masa?

Babba za ka bar wa, ba yaro ba, kuma wanda ke kwana a gidan ko maƙwabci na kusa, domin zuwa sau ɗaya a rana ba ya isa a bazara. Kada ka tsaya ga faɗa da baki, ka zagaya da shi ka nuna masa: ga mazuban ruwa biyu, a cika safe da azahar da dare, ga inda inuwa take komawa da la'asar, ga yadda ake kwance sarƙar in hadari ya taso. Ka karanta masa alamun bugun zafi da ke sama, ka bar masa lambar likita da kuɗin abin hawa. Sannan ka sa shi ya riƙa ba karen abinci a gabanka kwana uku kafin ka tashi, don karen gadin da bai saba da mutum ba ba zai bar shi ya matso kusa da kaskon ruwan ba.